Babi na Bakwai: Leshin da Ake Yi a Kan Matashi

Leshin da ake zubawa a akwatin lefe, wanda 'yan Kantin Kwari ke sayarwa yadi biyar-biyar, inji ne ya yi shi. Asalinsa ma surfani ne a kan yadi, ana huda wasu wurare a bar ramuka. Tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suka gano kasuwar Najeriya, suka riƙa zana wa matan Legas irin furannin da ransu ke so, daga can abin ya bazu har ya zama da wuya a yi biki ba a gan shi ba. Amma kafin a ƙera injin farko, matan Turai sun shafe kusan shekara ɗari uku suna yin wani leshi da hannu, wanda babu yadi a ƙarƙashinsa sam. Zare ne kawai ake sarƙawa, a bar rami inda ake son rami, a cike inda ake son fure, har ƙyalle ya tashi. Wannan leshin ne mutane da dama ke koya yau don sha'awa, ba don neman na cefane ba.

Iri biyu ne manya. Akwai na allura, wanda Venis a Italiya da Alençon a Faransa suka yi suna a kansa: allura ɗaya, zare ɗaya, ɗinki bisa ɗinki. Akwai kuma na kwarkwaro, wanda ake yi da zare masu yawa a kan matashi. Galibin masu koyo da na biyun suke farawa, don a zama ɗaya mutum zai iya tashi da ɗan abin da zai nuna a gida.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Na farko matashi, amma ba irin na kwanciya ba; sai ya yi taurin da in an soka fil zai tsaya ƙyam. A da da busasshen karan alkama ake cusa shi, a yi ta dannawa har ya ƙi lotsawa. Yanzu da yawa da farin soson nan mai tauri ake yi, irin wanda ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, a lulluɓe shi da yadi mai duhu mara gashi don farin zare ya fito. Sai kwarkwaro, 'yan sanduna masu tsawon kamar santimita goma, kowane da siririn wuya inda ake naɗa zare. Sai fil masu yawa waɗanda ba sa tsatsa. Sai zanen aiki, wato kati mai ɗan kauri da aka huhhuda, kowace huda wurin fil ɗaya ce. Dozin biyu na kwarkwaro sun ishi mai farawa, kuma malamai da yawa kan ce kada a kashe kuɗi tun ba a san ko hannu zai karɓa ba. Wasu da fensir suka fara, wasu da maƙalan shanya na katako. A jihar Ceará ta Burazil, inda sana'ar ta zo ta hannun Turawan Fotugal, mata sun daɗe suna soka ƙayar wata bishiyar daji da suke kira mandacaru a madadin fil, kuma aikinsu bai gaza na kowa ba.

Darasin farko naɗa zare ne, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Kwarkwaro biyu-biyu suke tafiya. Za a yanki zare mai tsawo, a naɗa rabi a wannan, rabi a wancan, duk ta fuska ɗaya, sannan a yi wa kowane ɗan zarge a wuya yadda zare ba zai warware da kansa ba, amma in an mirgina sandan zai sako kaɗan-kaɗan. Tsakiyar zaren ake ratayawa a jikin fil a saman zanen. Wanda bai iya zargen nan ba zai wuni yana bin kwarkwaro a ƙarƙashin kujera.

Daga nan sai abin da kan ba baƙo mamaki. Ko da matashin na ɗauke da kwarkwaro ɗari biyu, huɗu kawai hannu ke taɓawa a lokaci guda, kuma motsi biyu ne rak a duk sana'ar. Jera huɗun ka ƙirga daga hagu. Gittawa ita ce ka tsallakar da na biyu ta kan na uku. Murɗawa ita ce ka tsallakar da na biyu ta kan na ɗaya, na huɗu kuma ta kan na uku, a tare. In ka gitta, ka murɗa, ka sake gittawa, ka yi ta bi a jere, za ka ga saƙa cikakkiya irin ta farin yadi. In ka tsaya a gitta da murɗa kaɗai, sai raga mai sassauci ta fito. In kuma ka yi ta maimaita su da huɗun nan ba ka ɗauko wasu ba, igiya za ta fito. Duk wadda ta iya kitso ta riga ta san hikimar: ba a ƙulla komai, ana dai ɗora wannan kan wancan ne bisa tsari, a ja daidai, abin ya riƙe kansa. Fil aikinsa ya riƙe zare a inda ya juya. In aiki ya yi nisa sai a zare na baya a kawo su gaba.

Malamai sun saba ba mai koyo zare kala biyu. Kwarkwaro biyun da ke kai da komo daga wannan gefe zuwa wancan a ba su ja, sauran da ke rataye a ba su fari. In jan zare ya ɓace a tsakiya, wani farin ya maye gurbinsa, ba sai an yi gardama ba, kuskuren ga shi nan a fili. Abin da ake fara yi ɗan siririn ƙyalle ne na sa wa littafi alama, ko ɗan maciji ga yara. Bayan haka a shiga salon da ake kira Torchon, mai kaurin zare da zane bisa layukan da suka gitta juna, wanda a da ake yi wa kallon leshin talakawa. Masu wahalar, irin su Honiton na Ingila da Binche na Beljiyam, waɗanda zarensu siriri ne ƙwarai, sai an ci tuwon shekaru.

Wani alherin sana'ar shi ne tun da babu ƙulli, ana iya komawa baya. In an gano kuskure layi biyar a sama, sai a zare fil, a warware motsi ɗaya bayan ɗaya har a isa wurin. Mai koyo kan ji kamar ta yi kuka, amma a ganina a warwarar ce ake koyon aikin da gaske, don a nan ido ke fara bin kowane zare ya san inda ya fito da inda za shi.

To in motsi biyu ne kawai, me ya sa ake neman malami? Ai littattafai sun daɗe. An buga Le Pompe a Venis a 1557, cike da zane-zanen leshin kwarkwaro. Wajen 1561 aka buga wani a Zurich, wanda wata malamar leshi da ta sa hannu da haruffan R.M. kawai ta tsara. Sai dai zane suka bayar, hannu kuma a wajen mutum ake ɗaukarsa. Littafi ba zai gaya maka ka ja zare da yawa ba. Ba zai ga ka soka fil a miƙe inda ya kamata na gefe ya ɗan kishingiɗa waje ba, ko ka manta ka rufe fil da wani motsi kafin ka wuce. Ba zai buge maka hannu in ka riƙa taɓa zare da yatsu kana sa masa dauɗa ba, alhali sandan aka ce ka riƙe. Bidiyon intanet ya rage wannan giɓi ƙwarai, kuma da yawa yau ta nan suka fara, amma shi ma kallo ne na gefe ɗaya. Kana ganin hannun malama, ita ba ta ganin naka.

Abin lura shi ne wannan sakin hannu da masu leshi ke yi wa juna yau sabon abu ne. Lokacin da leshi ke da tsadar da sarakuna ke kafa dokar hana talaka sawa, ilminsa abin ɓoyo ne. A 1665 Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14, ya gaji da ganin dukiyar Faransa na kwarara Venis, ya jawo ƙwararrun mata daga can su koya wa 'yan Alençon da wasu garuruwa. Hukumomin Venis kuwa cin amanar ƙasa suka ɗauki abin. A Ingila, a yankunan Bedford da Buckingham da Northampton, dillali ne ke da zane. Shi ke ba mace zare da kati, ya dawo ya karɓi aiki a farashin da ya ga dama, wani lokaci ma da kayan kantinsa yake biya. Yara 'yan shekara biyar ko shida ake kaiwa makarantun leshi, su zauna a ɗaki ɗaya tun safe, ana ƙirga musu yawan fil ɗin da za su soka kafin su tashi. Da dare kyandir ɗaya ake kafawa a tsakiya, a kewaye shi da kwalaben ruwa masu tumbi don su tattara hasken su jefa wa kowace a kan matashinta. Ko leshin Honiton da aka yi wa Sarauniya Victoria na rigar aurenta a 1840, an ruwaito cewa da aka gama sai aka lalata zanen don kada wata ta sa irinsa.

Inji ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. John Heathcoat ya yi rajistar injinsa na saƙa raga a 1809, John Levers ya inganta shi a Nottingham a 1813, kuma kafin ƙarnin ya ƙare leshin inji ya yi arahar da 'yar aikin gida ma na iya sawa. Dokokin hana aikin yara da na tilasta ilmin boko suka kwashe ɗaliban makarantun leshi. Masu yi da hannu suka yi ta raguwa, suna tsufa. A tsibirin Burano kusa da Venis, lokacin da sanyin 1872 ya daskarar da ruwa masunta suka rasa abin yi, aka ce a farfaɗo da leshin allura don mata su samu abin riƙe gida. Da aka duba, sai wata tsohuwa mai suna Cencia Scarpariola aka samu da ke tune da ɗinkin garin na asali. Daga hannunta aka kwasa aka buɗe makaranta. Sana'ar da aka yi ta ɓoyewa saura ƙiris ta bi mutum ɗaya kabari.

Farfaɗowar da ta haifi masu sha'awar yau ta shekarun 1960 da 1970 ce. A Ingila azuzuwan yamma na manya ne suka ɗauke ta: matan aure da ma'aikata da 'yan fansho suna zuwa makarantar unguwa sau ɗaya a mako da matashi a jaka. A 1976 aka kafa ƙungiyar Lace Guild, wadda ofishinta ke Stourbridge, tana fitar da mujalla, tana da ɗakin karatu da tarin tsofaffin leshi. A shekarar ce kuma littafin Pamela Nottingham na koyar da leshin kwarkwaro ya fito, ya zama abokin zaman masu farawa da yawa. A Faransa an buɗe cibiyar koyarwa a Le Puy-en-Velay a 1974. A 1982 aka kafa OIDFA, ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke taro duk bayan shekara biyu a ƙasa daban. Amurkawa sun riga su, tasu ƙungiyar tun 1953 take. Duk waɗannan mutane ba wanda ke tsoron maƙwabciya ta ƙwace masa kasuwa, don babu kasuwar. Shi ya sa abin da kakanninsu suka rufe a akwati su suke bazawa a kan tebur.

Wata dabara daga garin Bruges na Beljiyam ta sauƙaƙa wannan rabo fiye da kowane taro. Malaman can sun tsara zana hanyar zare da launuka: kore na nufin gitta da murɗa, shunayya na nufin saƙar nan cikakkiya, ja na nufin cikakkiyar da ƙarin murɗi. Da wannan, 'yar Japan za ta sayi littafin da aka buga da Jamusanci ta yi aikin ciki daga farko har ƙarshe ba ta karanta kalma ɗaya ba.

A Ingila haɗuwar da aka fi sani ita ce ranar leshi. Ƙungiyar gari za ta kama zauren taro na coci ko na ƙauye ranar Asabar, a jera tebura, kowa ya zo da matashinsa da abincin rana. Masu sayar da zare da fil da littattafai su baje kaya a jikin bango. Aiki kaɗan ake yi, gaskiya. Yawancin ranar a zagaye take tafiya, ana leƙa matashin juna, ana tambayar ina aka samo wannan zane, yaya aka ɓullo wa wannan kusurwa. Kusan kullum akwai matashi ɗaya a bakin ƙofa da aka riga aka ɗaura wa zare mai kauri, don duk wanda ya leƙo a ce masa ya zauna ya gwada. Mutane da yawa ta wannan kujera suka shigo. Wata ta rako ƙawarta ne kawai, aka ce gitta, murɗa, gitta, ta ga layi ya fito a hannunta, ta koma gida da adireshin aji.

Kwarkwaron Ingila ma abin kallo ne. Na yankin tsakiyar ƙasar ana ɗaura musu zoben duwatsun ado a gindi, don su yi nauyi su kuma daina mirginawa. Tsofaffin, na ƙashi da na katako, an rubuta musu sunaye da ranakun haihuwa da kalaman soyayya da samari ke ba 'yan mata. Har akwai waɗanda aka yi don tunawa da ranar da aka rataye wani mai kisan kai a Bedford, kuma masu tara kayan tarihi na biyan kuɗi mai kauri a kansu. Al'adar ba ta mutu ba. Ana buga kwarkwaro na musamman don taro, malama ta ba ɗalibarta ɗaya in ta gama aikin farko, ƙawa ta kawo wa ƙawa tsaraba daga tafiya. Wasu ƙungiyoyi har yau suna haɗuwa ranar 25 ga Nuwamba, ranar Waliyya Catherine, wadda tun da can hutun masu leshi ce, su ci wainar da aka saba toyawa a ranar.

A kudancin Turai abin a waje yake. Matan yankin Velay na Faransa sun saba fitowa ƙofar gida su zauna rukuni-rukuni suna aiki suna hira, kuma sunan wannan zama, couvige, shi ake kiran tarukansu na yau da shi. A Sifen garuruwa kan shirya taro a dandali, motocin safa su kawo mata daga ƙauyuka, a jera dogayen matasai a tsaye, ƙarar katako na bugun katako ta cika wurin. Camariñas a gaɓar Galisiya na yin baje kolinta a makon Ista. Amma garin da ya fi burge ni Idrija ne a Sulobeniya, tsohon garin haƙar zaiba, inda matan ma'aikatan rami ke yin leshi don cike giɓin albashin mazajensu. Makarantar leshin garin tun 1876 take aiki ba ta taɓa rufewa ba, kuma ɗalibanta yara ne 'yan firamare, mata da maza, da ke zuwa bayan an tashi daga boko. A watan Yuni ake bikin leshi, har da gasar yara. Hukumar UNESCO ta sa leshin Sulobeniya a jerin al'adun gado a 2018, bayan na Kuroshiya a 2009 da na Alençon a 2010. Takardar UNESCO ba ta koya wa kowa soka fil, amma aji cike da 'yan shekara takwas na yi, kuma wannan ne abin da ƙungiyoyin Ingila da Amurka, waɗanda furfura ta yi wa yawa, suke nema ido rufe.

Tambayar da duk mai nuna leshi a bainar jama'a ta gaji da ji ita ce, “Nawa kike sayarwa?” Lissafin ba ya fita. A Alençon, santimita ɗaya murabba'i na leshin allura kan ci kusan sa'a bakwai, kuma ana shekara bakwai zuwa goma kafin a ƙware a duk matakansa. Na kwarkwaro ya fi sauri, amma ko shi gefen hankici ɗaya mai kyau aikin makonni ne. Ba mai biyan wannan a farashin sa'a. Shi ya sa yawancin leshi mai araha da 'yan yawon buɗe ido ke saya a shagunan Bruges da Burano na inji ne ko na wata ƙasa. Abin da masu sha'awa suka yi kuwa kyauta yake tafiya: mayafin amarya, rigar sunan jika, ko a sa a firam a rataye.

Kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla. Rabon ma yana da iyaka, kuma a kan zane ake samun saɓani. Tsofaffin zane na kowa ne, amma sabon da wata ta ɓata watanni tana tsarawa ta buga a littafi haƙƙinta ne, kuma injin kwafi ya sa aji guda na iya cin moriyar littafi ɗaya. Ƙungiyoyi na yawan jan kunne a kan haka, don masu tsara zane kaɗan ne, kasuwar littafinsu kuma ƙarama; in suka daina, kowa zai koma maimaita na kakanni. Akwai kuma tsohuwar gardamar masu riƙon gargajiya da masu neman sabo. Wasu na ganin leshi fari ne, na lilin ko auduga ko siliki, a yi shi yadda garin da ya haife shi ke yi, ba a cakuɗa salon Honiton da na wani wuri. Wasu kuwa sun shigo da launuka, da wayar tagulla, da igiya mai kauri, suna yin sarƙar wuya da abin rataya bango. Pierre Fouché, wani mai zane ɗan Afirka ta Kudu, da kwarkwaro yake saƙa manyan hotunan mutane da ake nunawa a gidajen baje fasaha, kuma ƙungiyoyin leshi kan gayyace shi ya koyar. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu na bukatar juna fiye da yadda suke yarda, don masu wayar tagullar ma in aikinsu ya rikice a kusurwa, wajen tsohuwar da ta shekara arba'in tana farin Torchon suke kai matashin ta duba musu.